Mai Riƙe da Makulli

Makullin ya fi tafin hannuna tsawo,
baƙin ƙarfe, sanyinsa har cikin ƙashi.
Ni ce Enid Garnham. Shekara talatin da ɗaya
ina murɗa shi kowace safiya,
ƙofar ta yi tari irin na tsoho
kafin ta yarda da buɗewa.

Dubi dokin ƙofa. Dutse ne,
amma ya lotsa a tsaka kamar ƙoƙo.
Shekara ɗari bakwai na takalma:
manoma, makiyayan tumaki, amare,
da mutum shida masu tafiya a hankali
da na bakwai bisa kafaɗa.
Yau da gobe ta sa allura ginin rijiya.

Bangon nan dutsen ƙyastu ne
da garma ta tono a gonakin Safok,
mata da yara suka kwaso a haɓar riga.
Ba wanda ya rubuta sunansu.
Hasumiya kuwa kuɗin ulu ne ya ɗaga ta:
Hamo Tirrel, attajiri mai tsoron kabari,
ya biya don a dinga tuna shi.
Ga shi can kwance, hoton tagulla a daɓe,
sawaye sun shafe masa hanci da ido,
karen da ke wajen ƙafarsa ne kaɗai
ake iya ganewa.

Ginshiƙai huɗu ne a sashen arewa.
Uku an sassaƙa musu ganye a ka,
har da tsutsa guda, don wasa.
Maginin ya bar alamarsa, kibiya mai gashi biyu.
Na huɗun fili ne, ba ganye, ba kibiya.
A shekarar ce annoba ta shigo gari.
Nakan dafa shi in zan wuce,
kamar mai yin ta'aziyya.

Ɗaga kai. Mala'iku goma sha biyu na katako
sun buɗe fukafukai ƙarƙashin rufi.
Wasu mutane sun zo da tsani da takardar izini
suka sare musu fuska,
suka shafe bango kaf da farar ƙasa.
Ɗaya ya tsira, can a lungu.
Ko tsanin ne ya gaza, ko dare ya yi,
ko hannun wani ne ya yi rawa.

Ran Lahadi mu bakwai ne, takwas in ba ruwa.
Limaminmu ƙauye biyar yake zagayawa.
Ɓarayi sun kwashe darmar rufi,
jemagu sun gaje sama,
ni da bokitai tara muka gaji ƙasa.
Ƙararrawa uku, babbar ta tsage,
Osbert mai jan igiya ya ce haka ma
ta fi shi murya.

To, bara cikin Fabrairu, bayan mako na ruwa,
na buɗe ƙofa na tarar da yaɓe a zube,
faɗin faranti ya ɓalle daga bango.
A gurbin ga ƙafa, ja, ƙatuwa,
tsaye cikin kogi har idon sawu,
ga wani ɗan kifi mai zagayen ido
yana leƙen babbar yatsa.
Shekara ɗari huɗu yana iyo a duhu.

Masana sun zo daga birni da fitilu.
Suka ce ƙaton yana nan duka a ciki,
da yaro a wuyansa, yana haye ruwa,
sai an tara kuɗi a fito da shi.
Suka ce kada kowa ya taɓa.
Na ce to.
Da suka tafi na sa yatsa.

Yanzu gwiwata ta soma gardama da matakala,
ban kuma san hannun da zai karɓi makulli ba.
Da magariba nakan zubar da bokitai,
in gyara wa na tara zama
daidai ƙarƙashin kifin,
ya kwana yana jin ɗigar ruwa.